Kariyar da Na Ɗaura wa Keken Mba Alhassan

Akwai ranar da har yau ba ta bar kaina ba: ranar da Madam Esi ta danna sirdin keken Mba Alhassan da hannu ɗaya, keken ya ƙi motsi. Ku sababbin shiga kun sha jin ana cewa ni, Fuseini mai gyaran keke, ina da takardar gargaɗi a fayil ɗina, kowa kuma da irin labarin da yake ba ku. To ga nawa, daga bakin mai ita.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishinmu yana kula da famfunan bohol na ƙauyukan da ke kewaye da Tamale. Ma'aikata hawa uku ne. Injiniyoyi a sama, suna da mota. Sufabaiza a tsakiya, suna da babur. Masu zagaye a ƙasa, su keke ne nasu. Mai zagaye shi ne yake bin ƙauyuka yana duba famfo, ya sa giris, ya ɗaure abin da ya kwance, ya kawo rahoton abin da ya fi ƙarfinsa. Ni kuwa ba na cikin hawa ko ɗaya. Ni ne fita, mai gyaran kekunansu. Karatuna ya tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare, don haka lokacin da abin ya faru ina da shekara goma sha tara a gareji ɗaya, a matsayi ɗaya, ina kallon yaran da na koya wa riƙe sifana suna wuce ni da takardar makaranta.

Mba Alhassan ya girme ni da kusan shekara goma, Mba ɗin ma kamar baba ne a bakin mutanen nan. Zagayensa yana farawa daga bayan Kukuo, ya ratsa gonaki, ya tsallake rafi biyu, sannan ya dawo ta titi. A ƙarshen rani na shekarar, tsohon baƙin kekensa ya karye a kan wani kwalbati, ya faɗi da bayansa. Ya yi wata biyu a kwance. Likita ya rubuta cewa zai iya aiki, amma kada bayan ya riƙa shan jijjiga. Dokar ofis kuwa ita ce, mai zagayen da ya cika wata uku bai iya kammala zagayensa ba, sallamarsa ake yi. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Babur ba na matsayinsa ba ne, kuma da damina ba a ɗaukar babur a kafaɗa a tsallake rafi.

Mista Owusu, shugaban sashenmu, mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya kira ni ofishinsa ranar wata Litinin, ya juyo mini da wayarsa.

"Masta Fuseini, ka ga wannan keke? Sifirin gaba, sifirin baya. Sun ce yana tafi ko'ina. Titi, dutse, laka, duka."

Na ce, "Yallaɓai, wannan keken wasan Turawa ne. Su hawa dutse suke yi don nishaɗi, su sauko su sha ruwan sanyi."

Ya ce, "Bayan Alhassan bai san Bature ba. Je ka duba. Kai za ka zaɓa, kai za ka sa hannu."

Wannan sa hannun shi ne ƙa'ida. Ba a miƙa wa mai zagaye keke sai fita ya sa hannu a takarda cewa ya dace da aiki. Sai dai Mista Owusu ya haɗa ni da Madam Esi, sabuwar injiniya, wai ta raka ni. Ban so ba. Shekarunta ba su kai shekarun da na yi ina faci ba.

Muka tafi wurin Iddirisu mai kekuna, ta wajen Kasalgu, wanda yake sayar da na hannu da ake kawowa cikin kwantena, waɗanda mutanen nan ke kira hom yus. Masu sifirin gaba da baya, wato abin da ke shanye jijjiga, guda huɗu muka samu.

Na farko sabo ne fil, yana ƙyalli, kuma ya fi duka araha. Na danna shi, ya nitse, ya harbo ni kamar katifar gado. Irin wannan sifirin ado ne, ba ya shanye jijjiga, mayar maka da ita yake yi. Na ture shi gefe. Na biyu ƙato ne kamar babur da aka cire wa inji, an yi shi don gangarowa daga tsauni. A Tamale tsaunin wa za ka gangaro? Ga nauyi, tsohon ba zai iya saɓa shi a rafi ba. Na uku mara nauyi ne, da yatsa biyu kana ɗaga shi, Madam Esi ta so shi. Na nuna mata abu uku. Sifirin ɗinsa na iska ne, sai da wani famfo na musamman da ba mu da shi. Birkinsa na mai ne, in ya tsiyaye a daji ba mai gyara maka. Tayarsa kuma irin manyan nan ne da ba za ka samu a shagon ƙauye ba.

Ta ce, "Masta, ai shi ne ya fi kyau."

Na ce, "Ya fi kyau a nan gaban Iddirisu. Ki tambaye ni bayan ƙaya ta huda shi a gonar wani."

Na huɗu ba ya ɗaukar ido. Fentinsa ya koɗe, nauyinsa tsaka-tsaki. Amma sifirin ɗinsa na ƙarfe ne mai naɗi, kana iya ƙara masa tauri da hannu. Birkin waya, taya irin wadda kowane mai faci yake da ita, giya mai sauƙin hawa tudu da kaya. Na kama tayar baya na girgiza don in ji ko mahaɗan jikin sun ci, ban ji komai ba. Na hau shi na bi ta kan kwatar da ke gaban shagon sau uku. Ya nitse a hankali, ya dawo a hankali. Bai fi kowa gudu a titi ba, bai fi kowa ƙarfi a dutse ba, amma babu inda zai ba ka kunya. Na ce shi ne.

Har yau ina nan a kan bakana, zaɓin daidai ne. Ba a nan na yi ɓarnar ba.

Keken ba shi da kariya, wato ƙarfen bayan sirdi da ake ɗora kaya. A garin nan keken da ba shi da kariya ba keke ba ne. Buhun masara, tunkiya, jarkar ruwa, matar mutum, duk a kai suke tafiya. Mba Alhassan kuma akwatin aikinsa ya kai nauyin yaro: manyan sifana biyu na bututu, guduma, gwangwanin giris. Duk wani fita a Tamale, in ka ba shi keke tsirara, kafin ka gama gaisuwa ya ɗaura masa kariya. Haka na yi. Na ɗauko ta tsohon keken, mai ƙafafun ƙarfe masu kauri. Na ɗaure ƙafafun a gindin tayar baya, na ɗaure kanta a ƙarƙashin sirdi, yadda na yi wa kekuna ɗaruruwa. Na ƙara ƙarfe biyu don kada ta yi rawa. Na zauna a kanta, ko gezau. Na ji daɗin aikina, na sa hannu.

Mba Alhassan ya karɓi keken, ya yi godiya. Ranar farko ya dawo bai gama rabin zagaye ba. Na tambaye shi, ya ce, "Alhamdu lillahi, jiki ne bai saba ba." Rana ta uku na ga ya sauka daga keken yana dafa bango. Ya ce ruwan sama ne ya ɓata hanya. Sati na biyu ya fara turo keken daga unguwar Dungu da ƙafa, yana hawa sai ya kusa ƙofar ofis don kada a gani. Na gan shi. A raina na ce ai na faɗa, keken wasa ne, ga shi nan an kashe kuɗi a banza saboda mai waya ya ga hoto. Gaskiya har wani daɗi na ji, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu.

Saura kwana shida wata ukun su cika. Sakatare ya gaya mini an riga an buga takardar sallama, hannu kawai take jira.

Da safen Talata Madam Esi ta shigo gareji neman sifana. Keken yana jingine. Tana wucewa ta danna sirdin, haka kawai, kamar yadda mutum ke shafa kan akuya. Sai ta tsaya. Ta sake dannawa da hannu biyu.

"Masta, a wurin Iddirisu wannan abin yana sauka."

Na ce, "Yana sauka mana."

"Zo ka danna."

Na danna. Gaba ya nitse, baya kuwa kamar benci. Ban buƙaci ta yi mini bayani ba, idona ya riga ya bi ƙarfen. A irin wannan keken tayar baya ba a manne take da jiki ba, hawa take yi tana sauka, sifirin yana tsakaninta da sirdi. Ni kuma na ɗauko ƙarfe na haɗa tayar da sirdin, na ɗaure tamau, har na ƙara biyu. Na kashe sifirin ɗin da aka sayi keken dominsa. Sati biyu tsohon yana shan kowane rami a ƙashin bayansa, da akwati a kan kariya, a kan keken da ya fi tsohonsa tauri.

Madam Esi ta duba ƙofa, ta rage murya. Ta ce, "Cire shi yanzu. Ba sai kowa ya sani ba."

Na so in yi hakan, ba zan ɓoye muku ba. Amma in na cire a ɓoye, rahoton sati biyun yana nan a kan teburin Mista Owusu, yana cewa an ba mutum keke mai kyau ya kasa. Kwana shida ba za su goge shi ba. Sai an ce keken ne ya kasa, kuma sunan wanda ya sa hannu yana ƙasan takardar.

Na tura keken har cikin ofishin Mista Owusu da lakarsa. Na ce, "Yallaɓai, danna nan."

Ya danna. Na kwance ƙusoshi huɗu a gabansa, kariyar ta faɗi a kan kafet. Na ce, "Sake dannawa." Ya danna, keken ya sauka a hankali.

Ya ce, "Wa ya sa wannan ƙarfe?"

"Ni."

"Kai ka sa hannu?"

"Ni."

Ya ce, "Ka san sunanka yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma bana?"

Ban sani ba. Shekara goma sha tara ba wanda ya gaya mini sai ranar. Na ce, "To, yanzu na sani."

Ya jawo takardar sallamar daga fayil ya sa a aljihun tebur. Ya ƙara wa Mba Alhassan wata ɗaya, ni kuma ya ce in jira tawa takardar.

Saura matsalar kaya, don ba ta tafi ba. Na yi ƙaramar kariya da ta rataya a sandar sirdi kaɗai, ba ta taɓa taya, don giris da ƙananan sifana. Manyan sifanan bututu kuwa, shawarar Madam Esi ce a sayi ƙari a ajiye wurin mai kula da famfo a ƙauye uku, a daina yawo da su. Na yi shekaru ina ganin mutane suna jan wannan nauyin, ban taɓa tunanin haka ba. A nan dole na yaba mata.

Da na gaya wa Mba Alhassan abin da na yi, na zaci zai zage ni. Ya ce, "Fuseini, ai na ji keken yana dukana tun ranar farko."

Na ce, "Mba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Kai ka zaɓa, kai ka gyara. In je in ce wa mutanen sama aikinka bai yi ba? Mu nawa ne a ƙasa?"

Ya gama zagayensa a sati na biyu na watan da aka ƙara masa. Ya yi shekara biyunsa cur, aka yi masa walimar ritaya da lemo da shinkafa. Ni takardar gargaɗi ta zo, ƙarin girma ya wuce. Har yau ni ne fita, kuma ba zan ce muku ba ya yi mini ciwo ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, in sabon abu ya zo, ba wanda bai iya ba ne abin tsoro, don shi zai tsaya ya tambaya. Wanda ya iya ne hatsari, hannunsa yana gama aiki kafin kansa ya duba. Na biyu kuma, mutanenmu na ƙasa ba sa kai ƙarar juna, ko da bayansu zai tsinke. In mai zagaye ya ce muku alhamdu lillahi yana dafa bango, kada ku karɓa.

Shi ya sa kuke ganin kowane keke zai fita daga garejin nan, sai na ɗora masa kayansa, na danna sirdin da hannuna kafin in taɓa biro. Kuna dariya kuna cewa tsohon ya fara ruɗewa. Ku yi ta yi. Kariyar tana nan rataye a bayan ƙofa, da ƙarafa biyun da na ƙara mata. Duk wanda ya ji ya gama iya aiki, ya je ya ɗaga ta ya ji nauyinta.