Shayin Waɗanda Aka Ci a Wasan Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa, kuma har yau in lokacin wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ya ƙarato, ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna a falo sai in miƙe, in na fita ƙofar gida sai in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba. Matata Hadiza ta daina tambayata abin da ke damuna, don ta sani, a gabanta aka yi. Akwai wani jan filas na shayi a saman kabad ɗinmu, ba shi da murfin nan na waje da ake sha da shi. Na Yaya Habu ne, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina neman ƙarfin zuciyar mayar da shi gidansa.

Yaya Habu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara takwas. A wata ma'aikatar gwamnati ya yi aiki nan Kaduna, sashen ajiye fayil, kuma kusan duk rayuwarsa ta aiki mataimakin shugaban sashe ne. Sau uku ana kawo wani daga waje a ɗora a kansa, shi ke koya wa mutumin aikin, shi ke kuma gaishe shi da safe. Ni abin na ci mini rai. Shi ko a jikinsa, ko dai haka yake nuna mana.

Gidansa na Unguwar Kanawa, kuma ranar wasan ƙarshe duk layin ya san inda za a haɗu. Tun la'asar zai fito da talabijin ƙofar gida, ya ɗora a kan tebur, ya jera benci, ya gwada janareta sau biyu don bai yarda da masu wuta ba. Ba shi da ƙungiya. In ka tambaye shi wa yake goyon baya, sai ya ce, "Bari a tashi tukuna, in ga wanda aka ci." Mutane na ɗauka raha ce. Wallahi da gaske yake.

Tarihin gasar nan a kansa yake, amma ta baya yake karanto shi. Ka ce masa wa ya ɗauki kofi a shekara kaza, sai ya fara gaya maka wanda aka ci, da yadda aka ci shi, da golan da ya zauna a ƙasa ya ƙi tashi. Daga bakinsa na fara jin cewa a farkon gasar wata ƙungiyar Sifaniya ta ɗauki kofin sau biyar a jere, lokacin shi kansa bai san hagu da dama ba, a tsofaffin mujallun da yake tsinta a kasuwa ya karanta. Shi ya gaya mana da can sai zakaran ƙasa kaɗai ke shiga, in aka fitar da kai ka fita ke nan, babu wani rukuni da za ka fake a ciki. Yana da wata ƙungiya da yake ambata da tausayi kamar 'yar uwarsa ta jini, wai ta sha zuwa wasan ƙarshe tana komawa hannu biyu. Ya ce kowa na haddace sunan zakara, to wa zai riƙe sunan wanda ya zo har bakin kofin ya kalle shi ya juya?

Daga nan dokokinsa biyu suka fito. Ta farko, ba mai tashi daga bencinsa sai waɗanda aka ci sun hau sun karɓi lambarsu ta azurfa, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshensu. Ta biyu, magoya bayan ƙungiyar da ta yi nasara su ke zuba wa waɗanda aka ci shayi, da hannunsu, daga wannan jan filas. Kofin farko kuwa a murfin filas ɗin ake zuba shi, shi Yaya Habu ke miƙa wa wanda ya ga abin ya fi yi wa ciwo. Tsokana an yarda a yi ta har a busa usur. Da zarar an busa, baki ya mutu, sai shayi.

A lokacin ranar Laraba ake buga wasan, kuma hutun rabin lokaci ne lokacin sallarmu ta isha'i, nan gefen benci a kan tabarma. Ba zan manta shekarar da aka zura wa wata ƙungiyar Ingila uku kafin hutu ba. Iro Direba, wani Bakatsine maƙwabcin Yaya, mai bakin tsiya, shi ke goyon bayansu. Muna sallame salla ya zari takalminsa ya ce shi kam ya ga abin da ya ishe shi. Yaya ya ce, "Iro, zauna, akwai shayinka." Bai saurara ba. Bai kai ga cire riga a ɗakinsa ba ya ji layi ya ɗauki ihu, ya sake ji, ya sake ji. Cikin 'yan mintoci an farke ukun duka! Sai ga Iro a guje, takalmi ƙafa ɗaya. Suka ɗauki kofin a bugun fenareti, shi da bai ga ƙwallo ko ɗaya da idonsa ba, aka sa shi ya zuba wa mutane shayi yana haki. Shekara da shekaru Yaya na ba da labarin nan, yana dariya har da hawaye.

To ni ne na karya dokar da gaske, kuma ba da takalmi kaɗai na karya ta ba, da baki na haɗa.

Wasan ƙarshe na ƙarshe da Yaya ya gani, ƙungiyata ce a ciki. Na yi shekaru ina jiran ranar, har sabuwar riga na saya, ni da furfura ta fara fito mini. Aka ci mu. Iro kuwa tun ƙwallon farko yake kaina, bai bar ni na sha iska ba. Ana busa usur na miƙe. Yaya ya kamo hannuna ya ce, "Lawal, zauna mana, ba su karɓi lambarsu ba." Har ya fara kwance murfin filas. Na fizge hannuna, na ce masa, a gaban maƙwabtansa da 'ya'yansa, "Kai ka zauna ka kalla, ai kai ka saba da zama na biyu. Shekara nawa kana mataimaki?"

Yaya ya dube ni, ya mayar da ido kan talabijin. Na hau babur ɗina na taho gida Badarawa, zuciyata na tafasa, ina ta gaya wa kaina ai gaskiya na faɗa.

Washegari Lahadi, don zuwa lokacin an mayar da wasan ranar Asabar, da hantsi, na ji sallamarsa a ƙofar gida. Na ce wa Hadiza ta ce na fita. Ta dube ni, ta ce, "Haba Baban Ummi, Yaya ne fa." Na ce ta je ta faɗa. Ta je ta faɗa, ga takalmina a bakin ƙofa, ga babur a zaure. Ina jin muryarsa ta taga, ya ce, "To, ba komai. Ga shayinsa nan, jiya ya tafi bai sha ba." Ya miƙa mata filas ya juya. Ban sha ba. Da na ga babu murfin ma sai na ce ka ji tsufa, ya kawo filas ya manta kofi.

Na so in je. Kullum sai in ce gobe. Da azumi ya kama na ce bari dai sai Salla, in je gaisuwa cikin jama'a, maganar ta bi ruwa ba sai na buɗe baki ba. Azumi bai yi mako ba ya yanke jiki ya faɗi a ofis, tsakanin kantocin fayil ɗinsa. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yadda ake kallon wasan yanzu. An mayar da gasar wani dogon jadawali da ni kaina sai 'ya'yana sun yi mini bayani. A ci ƙwallo, ka gama tsalle, alƙali ya tafi ya leƙa wani akwati ya dawo ya ce babu. Wannan na san zai ba shi dariya, zai ce ko ba komai an rage wa wanda aka zalunta ciwo. Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne gidajen kallonmu na Badarawa. Ana busa usur sai ka ga an watse kamar an ce gobara, masu nasara sun hau babura suna ta ham, waɗanda aka ci sun sulale ta lungu sun kashe waya, don sun san hotunan tsiya na nan tafe har mako guda. Babu mai ganin ba da lamba. Su kansu 'yan wasan, ana rataya musu azurfar suke cirewa tun ba su sauka daga dandamali ba. Nakan ji haushinsu, sai in tuna wa ya fara yi, in kama bakina.

Ɗansa Kabiru, wanda yanzu shi ma magidanci ne, bai daina fito da talabijin ƙofar gida ba. Duk shekara sai ya kira ni, "Baffa, za ka zo bana?" In ce in sha Allah. Na je gidan sau ba adadi, wajen suna da biki da gaisuwar Salla, amma ban taɓa zuwa ranar wasan ƙarshe ba, kuma ban taɓa kai filas ɗin ba. Sau biyu ina ɗaure shi a bayan babur, in kai Abakpa, dab da unguwarsu, in juyo. Me zan ce wa matarsa? Ga kayanku, na riƙe shekara da shekaru saboda kunya? Kuma mutanen da suka ji abin da na faɗa suna nan a kan bencin, Iro ma na nan, ya tsufa amma kunnensa garau.

Bana Hadiza ce ta gaji da ni. Ta sauko da filas ta wanke, ta dafa shayi da citta da kanumfari yadda yake so, ta cika shi, ta toshe bakin, ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Ni aka sa na yi wa bawan Allah ƙarya, ni ma ina da hakki a ciki. In ka kai Abakpa ka juyo, kada ka shigo mini da shi."

Na isa kafin a take wasa. Na wuce benci ban kalli kowa ba, na yi sallama cikin gida. Yaya Binta, matar marigayin, na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta kalli abin da ke hannuna. Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu. Ta shiga ɗaki ta fito da jan murfi, fes, ko ƙura babu.

Ta ce, "Ranar da ya kai maka, da wannan ya dawo a aljihu. Na ce Malam ka manta murfi. Ya ce bai manta ba. Ya ce Lawal zuciya gare shi, ba zai iya zuwa ba da haƙuri ba, amma zai iya zuwa neman murfi, in ya zo kada wanda ya tayar masa da maganar." Ta miƙo mini. "Kullum ina goge shi. Ka daɗe, Lawal."

Na zauna a bakin rijiyarsu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe ƙofa ya bar mini a buɗe, ni kuma na kalle ta na ce tsufa ne.

Ban san yadda wasan ya gudana ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai san da aka busa usur matasa suka miƙe, sai na ji muryata ta fita, "Ku zauna, ba su karɓi lambarsu ba." Wasu suka yi dariya suka wuce abinsu. Mutum shida suka zauna, har da Iro. Muka kalli waɗanda aka ci suna hawa ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshensu, sannan masu nasara suka zuba wa sauran shayi, suna ƙunshe dariya.

Yaya Habu bai bar gidan sama ba, bai kai shugaban sashe ba, kuma dokarsa ma mutum shida ta iya zaunarwa bana. Na auna wannan na sake aunawa tun ranar. Abin da na gani shi ne, duk wanda aka ɗora a kansa a ofis ɗin nan na manta sunansa, amma a layin nan har yau akwai wanda in an ci shi ba ya tafiya gida shi kaɗai da baƙin ciki. Da na raina wannan. Yanzu ban san wani abu da na mallaka da ya kai shi ba.

Ni ba ni da ƙungiya a wasan bana, don haka ban sa ran kofin shayi ba. Sai na ga Kabiru ya ɗauki murfin, ya cika shi, ya riƙo da hannu biyu ya tsaya a gabana. Na ce, "Ai ni ba a ci ni ba." Ya ce, "Na wancan wasan ne, Baffa." Iro ya kawar da kai yana share ido da hularsa. Na karɓa na shanye, da zafinsa.