Ƙasar Sawuna: Tafiyata Jabo Wurin Batulu

Fakku zuwa Kebbe

Ranar Talata da ƙarfe shida saura kwata, ina idar da sallar Asuba na fito ƙofar gida da 'yar jakata. Matata Kulu ta biyo ni da ƙullin daddawa da kwalbar man shanu.

"Ka kai mata," in ji ta. "Kuma in ka isa ka buɗe baki. Shekara arba'in nika jin labarin ga, na gaji."

Bari in faɗi wadda za a kai wa. Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina ya ɗauke mu zuwa hajji ta ƙasa. A dawowa guzuri ya ƙare, muka zauna Sudan shekara uku, a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, muna aikin auduga. Maƙwabtanmu asalinsu mutanen Jabo ne, amma can aka haife su. Suna da 'ya sa'ata, Batulu. Ita ta koya mini Larabcin kasuwa tana yi mini dariya, ni kuma kullum nake ɗaukar mata buhun audugarta zuwa wurin awo. Ban taɓa ce mata komai ba, ita ma haka, amma duk unguwa an sani.

Ranar da za mu taso gida, ina shirin hawa babbar mota, na waiwaya na gan ta durƙushe tana ɗibar ƙasar sawuna tana ƙullewa a bakin mayafinta. Mu a wurinmu, mai ɗibar ƙasar sawun mutum sammu zai yi masa. Na kira ta mayya a gaban jama'a, na hau mota ba sallama. Sai da muka yi nisa mahaifiyata ta ce, "Umaru, ka yi wauta. Ni ma uwarta ta ɗebi tawa. Haka suka yi ma wanda suka so ya isa lahiya, su sake ganinai." Bayan haka mutane sun sha zuwa can, ana aika wasiƙa, ana aika kaset. Girman kai ya hana ni.

Makon jiya wani mai sayen hatsi daga Jabo ya ce mini cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Sudan akwai wata tsohuwa Batulu, mijinta ya rasu, ta sauka gidan danginta. Ya faɗi sunan mahaifinta, na tabbata ita ce. Ya ce ranar Alhamis ɗanta zai wuce da ita Kano. Daga ranar da na fito, kwana biyu ke nan gare ni.

Mai babur ɗin da ya ɗauke ni ya ce in riƙe rawanina da kyau. Hanya duk ramuka, ga gero ya yi kai dama da hagu. Sau biyu muka tsaya garken shanu ya tsallake. Ƙarfe bakwai da minti ashirin muka shiga Kebbe, ƙuguna kamar ba nawa ba.

Kebbe zuwa Tambuwal

A tasha na sha koko da ƙosai, na jira mota ta cika har ƙarfe tara. Direban ya ba ni gaba saboda furfura, amma sai da ya cusa wani makiyayi kusa da ni, da sandarsa.

"Baba, asibiti za ka?" in ji direba.

"A'a, biko," na ce.

Ya yi dariya har ya bugi sitiyari. "Baba, yaushe tat tahi?"

"Ni na tahi. Shekara hamsin da 'yan kai."

"Kai! To ai ka yi sauri."

Shinge biyu muka wuce. A na farko jami'in ya leƙo ya ce a buɗe jaka. Warin daddawa ya buge shi, ya ce a rufe, Allah ya kiyaye hanya. A na biyu hannu kawai suka ɗaga. Muka isa Tambuwal ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

A nan zan faɗi gaskiya, tunda don gaskiya nake rubutun. Masu baburan Jabo suna tsaye suna kira, na wuce su kamar ban ji ba. Na ce sai na yi Azahar. Na yi Azahar na ce sai rana ta yi sanyi. Na tafi gidan tsohon abokina Malam Sani mai ɗinki, wanda ya san labarin tun muna samari. Ya sa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya bari na ci, sannan ya ce, "Tsoro kaka ji."

"In ta ce ba ta san ni ba fa?"

"Sai ka komo ka ci tuwo. Amma in ta hau motar Kano, wa za ka roƙa? Ni?"

Na kwana a zaurensa.

Jabo

Laraba ƙarfe bakwai Malam Sani da kansa ya kai ni wurin babur, ya tsaya har sai da ya ga mun tashi. Kafin ƙarfe tara muna Jabo. Ban sha wahalar tambaya ba, kowa ya san gidan baƙin Sudan. Mai gidan, wani dattijo ɗan baffanta, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya aika ciki a ce ga Umaru na Fakku.

Na ji ana daka, na ji kaji, na ji an kira yara makaranta. Ba ta fito ba. Na fara duban takalmana.

Sai ga ƙamshin gahawa da citta, irin wanda rabona da shi tun Sudan. Ta shigo a hankali tana dogara bango, da farin mayafi irin nasu, tire a hannu ɗaya. Ta rame, haƙoran gaba sun tafi. Idon ne bai sake ba. Ta zauna nesa kusa da mai gida, ta zuba mini a ɗan ƙaramin kofi.

"Ya salam," in ji ta. "Umaru ne ya koma haka? Ina gashin?"

"Ya riga ni tafiya."

"Shi ma ba sallama?"

Mai gida ya yi tari ya dubi rufi. Ni kuwa duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ajiye kofin na ce, "Batulu, na zage ki a gaban mutane kan alherin da kika yi mini. Tun ranar na san kuskure na yi, kuma na ƙi aikowa. Ki yafe mini."



"Wata uku ban fita gona ba," ta ce. "Yara suna bina suna kiran sunan da ka ba ni. Ƙasar kuwa na ajiye ta har aka sa ranar aurena, sannan na zuba ta a ruwan gona. Na ce, ya Rabbi, ko bai dawo ba, ya isa." Ta ɗago kai. "Ka isa?"

"Na isa. 'Ya'ya tara, jikoki ban san iyaka ba."

"To ta yi aiki. Na yafe maka tun tuni, kai ne ba ka zo ka karɓa ba."

Ban ji kunyar hawaye a gaban mai gida ba. Daga nan hira ta ɓalle. Ta ba ni labarin gidan da ta bari da makulli a ƙofa, da bishiyar lemo da ta dasa, ta ce in Allah ya kawo lafiya za ta koma. Na miƙa saƙon Kulu. Ta shinshina daddawar ta ce, "Matarka ta fi ka hankali." Aka kawo fura, muka yi Azahar.

Ƙarfe biyu da rabi na tashi. Ta rako ni har ƙofar zaure. Na ce, "Gobe ke ce mai tafiya. Taka nan." Ta dube ni, ta gane, ta sa ƙafarta ta dama a rairayi. Da ƙyar gwiwata ta yarda, amma na durƙusa na ɗebi ƙasar na ƙulle a bakin rawanina.

"Mutanenku za su ce kai maye ne," in ji ta.

"Su ce. Sai wata rana, Batulu. Allah ya kai ki lafiya."

"Amin. Ka ga, ashe ba wuya."

Komawa gida

Na sami motar ƙarshe daga Tambuwal, na kwana Kebbe gidan 'yata, hantsin Alhamis na shiga Fakku. Kulu na shanyar kuɓewa. Ta ce, "Ka buɗe bakin?" Na ce na buɗe. Na nuna mata ƙullin, ta kawo tsohon gwangwanin turare ta ce in zuba kada jikoki su watsar.

Na gode wa Allah da ya ja kwanana har na ga wannan rana. Na gode wa Malam Sani da mai gidan Jabo, da Kulu da ta tura ni. Gwangwanin yana kan taga. Ranar da aka ce Batulu ta buɗe ƙofar gidanta na Sudan, zan zuba ƙasar a gonata.