Yaron da Tabawa ta Goya

A gidanmu, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakata, Iya Delu, tana gasa mana rogo a toka. Tatsuniyoyinta na dariya ne, ban da guda ɗaya. In za ta ba da ita ba ta cewa "ga ta nan", sai dai ta gyara ɗankwali ta ce, "Wannan ya faru."

Labarin wani sarki ne da ya mallaki ƙasarmu tun kafin zuwan Turawa. A bakin iyaka aka haife shi, wani ƙauye mai shingen itace, inda kura ke shigowa har tsakar gida, mahara kuma ba su da lokacin zuwa. Uwarsa ta rasu yana rarrafe. Wata maƙwabciya, Tabawa, ta ɗauke shi ta haɗa da nata ɗan, nono ɗaya. Shekarar yunwa ita ke tauna masa ɗanyen gero ta sa masa a baki. Ya taso yana saran daji da gatari, yana karatun allo da wutar kara.

"A nan maroƙa ke tsayawa," in ji Iya. "Ni ba na tsayawa."

Da aka naɗa shi sarki, ya buƙaci dawaki. Sai ya tura mayaƙa ƙauyen da ya rene shi, aka ɗaure matasa aka musanya su da dawakin. Har da ɗan Tabawa. Ta taka da ƙafa zuwa ƙofar fada, ta kira sarkin da sunan yarinta. Ya dube ta ya ce wa dogari, "Wace ce wannan?"

Nan Iya ke tofar da yawu. Na taɓa tambayarta, "Iya, a ina kika ji?" Ta ce, "Tabawa ce ta haifi kakar uwata. Ci rogonka."

Yanzu ina aiki a wani ofishin kago, wato na jigilar kaya, a Port Saeed da ke Dubai. Kwanan baya wani Alhaji ɗan ƙasarmu da muke loda wa kaya ya gayyace ni cin abinci a unguwar Al Rigga. Yana ta yabon sarkin nan, wai shi Alhajin ma maraya ne kamar sarkin, gwaggonsa ta rene shi a ƙauye, ga shi yau a Dubai. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Na ga an rubuta "Gwaggo". Ya kife ta a kan tebur.

"Khalas, ya isa haka, mutanen ƙauye ba sa barin mutum ya huta. Yalla, Malam, ci mana."

Na janye hannuna daga abincin. Da ina yaro na ɗauka mugunta sai mai takobi. Ashe abin da ya fi ƙona ran Iya ba harin ba ne, tambayar nan ta sarkin ce. Na wanke hannu na ce masa na ƙoshi, wayar kuwa tana ta girgiza tebur.