Tamaular Kawu Labbo

Shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, a shekarar ce tamaula ta shigo ƙauyenmu. Kawu Labbo mai albasa ne ya shigo da ita, a ƙarƙashin riga, kuma tun daga ranar can ne mazauninta. Ku da kuka san shi ai da wannan ƙullutun kuka san shi: mutum siriri kamar karan dawa, amma ciki ya yi gaba kamar na mai wata tara. Wani baƙo ya taɓa tsayar da shi a kasuwar Bodinga yana ta jera masa sannu, har ya kwatanta masa gidan mai maganin kumburi a Sifawa. Kawu ya saurara tsaf, ya yi godiya, ya ce a ƙara masa kwatance, ko don gaba.

Kullum in ya dawo sallar asuba sai ya zauna bakin zaure ya shafe ta da man shanu, ɗinki bayan ɗinki. Matarsa Inna Hajo ta taɓa leƙowa ta ce, "Malam, ni da ƙahwata ke tsagewa ban samu man ga ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke wa ka shurin ki?"

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ya sa gola. Ba don na iya tsalle ba. Cewa ya yi a duk danginmu babu mai haƙurin tsayuwa wuri ɗaya kamar ni.

Tamaula tasa ce, ita ɗaya tal, ta fata mai blada a ciki. Filin ma gonarsa ce da ya bari ta huta. Turakun gola kuwa azarori ne da ya zaro daga rudu, rumfar da yake ajiye albasa, saboda haka da an cire albasa sai turakunmu su koma bakin aikinsu, mu jera takalma a madadinsu. Wanda ke da waɗannan uku ai ba sai an yi zaɓe ba, shi ne mai kulob.

To ga inda gizo yake saƙa mana. Kawu sau ɗaya ya taɓa ganin babban wasa a duniya. Ya raka lodin albasa kurmi, can kudu, ya tarar birni ya ɗinke, wai wasan ƙarshe na cin kofi. Aka ce sai an sayi tikiti. Kawu Labbo da tikiti! Ya samu inuwa a bakin ƙofa ya zauna. Da wasa ya kusa tashi aka buɗe ƙofa kyauta, kamar yadda aka saba, ya kutsa ya samu wuri. Abin da ya gani shi ne masu jar riga suna ta lallaɓa tamaula a ƙasa, wannan ya ba wancan, wancan ya mayar baya, na baya ya tura wa gola, gola ya rungume ya kwanta, jama'a na ta sowa. Aka busa usur, aka miƙa wa masu jar riga kofi. Kawu ya fito, ya sayi tamaula, ya dawo gida da ilimi.

"A lallaɓa ta! A mai da ta baya!" Wannan ne kaɗai darasinmu. "Masu kohi ba su harbi. Na gani da idona."

Saboda haka ni ne golan da ya fi kowa aiki a ƙasar Bodinga da Shagari, kuma duk aikin daga 'yan gidanmu yake zuwa. Ba a cika cin mu ba, gaskiya. Mu kuwa ba mu taɓa ci ba. Canjaras, canjaras, har mutanen ƙauyenmu na Horo Birni suka daina tambayar yadda aka tashi, sai dai su ce, "An tashi lahiya?" A teburin mai shayi 'yan kallonmu suka rabu biyu, 'yan gaba da 'yan baya. 'Yan gaba suna cewa mai kulob ya kashe mana yara. 'Yan baya, yawancinsu dattawa, suna cewa wanda ba a ci shi ba ai bai yi asara ba. An yi surukan da suka yi wata ba su sha shayi a benci ɗaya ba.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Ɗan'ige, ɗan wasanmu na gaba. Allah ya ba shi ƙafar hagu kamar taɓarya. Sau nawa zai yanke mutum uku, ya iso gaban gola, sai ka ji muryar Kawu daga gindin tsamiya: "Ɗan'ige! Baya!" Ya juyo kamar zai yi kuka, ya dawo da ita har hannuna.

"Kawu, don Allah sau guda," in ji shi kullum bayan wasa.

"In ta hwashe, ubanka ka ɗinka wata?"

Ana haka aka turo mana sabon malamin firamare daga Sakkwato, Malam Aminu, wanda ya yi ƙwallo a kwalejin horon malamai. Kawu ya naɗa shi koci. Da Malam ya ji labarin wasan kurmi sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Baba Labbo, ai waɗancan tun da farko suka ci. Kai ƙarshe ka tarar, suna kashe lokaci ne kawai!"

"Kana wurin?"

"Ba na wurin, amma ai..."

"To ni ina wurin."

Ranar da Malam ya jera yara ya ce a koyi bugun fenariti, kafin na uku ya buga Kawu ya shigo fili ya ɗauke tamaularsa ya cusa a riga. "Malam, an gode. An sallame ka." Kwana kaɗan tamaula ta sace. Duk ƙauyen kuwa famfo mai allura ɗaya ne, na Malam. Sai ga Kawu a ƙofar makaranta, da albasa cikin kwando. "Malam, hukumar kulob ta zamna, ta sake duba maganarka." Hukumar kulob shi ne da jakinsa. Haka aka yi ta yi. In tamaula ta cika a kori koci, in ta sace a dawo da shi. Malam da kansa yakan latsa ta da yatsa ya ce, "Saura mini kamar mako guda a ofis."

Shekarar zaɓe na biyu wani Alhaji ɗan kwangila, mai neman kujera, ya zo a farar mota ya ce zai sayi kulob. Ya sa aka buɗe but: riguna masu launin jam'iyyarsa, tamaula sababbi cikin raga, da takalman ƙwallo. Yaranmu da ke wasa da ƙafar Allah idonsu ya kusa faɗowa. Kawu ya ɗauki takalmi ɗaya, ya juya shi, ya shafa ƙusoshin da ke ƙasa.

"Ranka shi daɗe, wanga da shi za a taka hilina?"

"Da shi manya ke wasa, Baba."

"Kuma da shi za a shuri tamaulata? Alhaji, ko ɓarawo ba a yi mai haka."

Alhaji ya ce ai ga sababbi nan, a jefar da tsohuwar. Wannan kalma ce ta ɓata ciniki. Kawu ya gyara ƙullutunsa ya juya. Rabin yaranmu suka bi farar mota, har da Ɗan'ige, kuma ban ga laifinsu ba. Sun sha harbi son ransu a gaban taron jam'iyya. Ba a daɗe ba soja suka dawo, Alhaji ya yi ɓatan dabo da motarsa, tamaulolinsa na roba kuwa ƙaya ta riga ta gama da su. Yara suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa. Kawu bai yi musu gori ba. Ya dai dubi Ɗan'ige ya ce, "Ka ƙoshi? To koma baya."

Daga nan duniya ta yi zafi. Aka canza kuɗi, aka rufe iyaka, sabulu ma sai an bi layi. Damina ta zo ta yi mana rowa, gero ya tsaya iya gwiwa, rijiyoyin fadama suka ja baya. A shekarar ne turakunmu suka kwana a fili rani guda cur, domin babu albasar da za a ɗora a rudu. Bladar tamaula kuwa faci ya hau kan faci, kuma ko a Sakkwato ba a samun sabuwa. Malam ya ce in ta tafi wannan karon, ta tafi ke nan.

Samarinmu suka yanke shawarar tafiya ci-rani kurmi, kusan dukansu. Ana gobe motar da za ta kwashe su za ta zo, muka gayyaci 'yan garin Kajiji wasan sallama. Wani malamin asibiti daga Shagari ya riƙe usur. Aka yi ta lallaɓawa kamar kullum, ni ina ta karɓar saƙo daga 'yan uwa. Rana ta yi ƙasa, alƙalin wasa ya fara duba agogo. Sai tamaula ta faɗo gaban Ɗan'ige, daga shi sai golan Kajiji. Kafin kowa ya ce masa komai ya juya baya, ya fara nemana da ido.

Sai muka ji daga gindin tsamiya: "Ɗan'ige! Juya! Harbe ta!"

Yaranmu suka tsaya cak. 'Yan Kajiji ma tsayawa suka yi, don sun san muryar, ba su san maganar ba.

"Kawu, ni?"

"Akwai wani Ɗan'ige? Harbe ta nic ce, ɗan nema!"

Jama'a, haushin shekara biyar ne ya taru a ƙafar hagun nan. Ƙarar da muka ji har awaki sai da suka watse. Tamaula ta dare a sama. Blada ta fice ta yi gefe ta faɗa cikin geza, fatar kuwa ta tafi tana lilo kamar jemage, ta bi ta ƙarƙashin hammatar gola, ta faɗi tsakanin turaku.

Muka ce ci ne! Kajiji suka ce wace tamaular? Kyaftin ɗinsu ya tsamo blada yana ɗagawa. "Ga iskar nan waje! Tamaula ba iska ai hula ta!" Aka yi ca a kan malamin asibiti. Bawan Allah ya ce shi dai a dokar da ya sani babu inda tamaula ta rabu biyu, a tambayi mai ita.

Kawu ya tako a hankali, ya tsuguna, ya ɗauki fatar, ya kakkaɓe mata ƙasa.

"Shekara biyar ina shahwa ma wagga mai," in ji shi. "Waccan roba ko gaisawa ba mu yi. Tamaulata ta shiga."

Aka busa usur. Kajiji suka tafi suna rantsuwa ba a taɓa yin mai kulob ya yi alƙalanci ba. Har gobe in na shiga kasuwarsu sai wani tsoho ya ɗago hannu ya ce mini, "Gola, canjaras!"

Malam Aminu ya matso yana murmushi. "Baba Labbo, ashe dai ana harbi?"

Kawu ya ɗaga masa yagaggiyar fatar har saitin hanci. "Harbi guda, Malam. Guda! Shekara nawa ina hwaɗa muku?" Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma tunda ba sauran abin hurawa, an sallame ka."

A hanyar gida ni da shi ne, rigarsa ta koma shafal, sai na ga ashe tsoho ne ƙwarai. Na ce, "Kawu, ka san za ta fashe. Me ya sa?"

Ya yi tafiya kaɗan, sannan ya ce, "Yaran ga gobe za su cikin baƙin mutane. In anka zamna hira anka ce, ku a garinku kun taɓa ci? Mi za su cewa?"

Fatar ba ta tafi a banza ba, kun san halinsa. Baduku ya ɗinke ta ya sa mata igiya ta zama ƙaramin guga. Da ita Kawu ya yi ta ban-ruwan ɗan irin albasarsa, kuma bai fasa shafa mata mai ba. Wanda duk ya ara sai ya bi shi da kashedi: "A lallaɓa ta." Damina biyu bayan haka ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Inna Hajo ta ce ragowar man shanun da ya bari ita ta gada, amma ta kasa shafawa.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya lallaɓa abin da aka ba shi amana, ya Allah ka lallaɓa shi.

A shekarar wasan sallamar nan mun rasa tamaula ɗaya. Turaku biyu sun shiga murhu. Jakin hukumar kulob an sayar an sayi dawa. Cikin samari tara da suka hau motar nan, huɗu ba su dawo ba, har da Ɗan'ige. Cin da muka yi ɗaya ne, kuma shi yana nan.