Ƙarar da Inna ta ji a hanyar Safana

Da asuba muka tashi ni da ƙanwata, amma ba mu fita daga Batsari ba sai da gari ya waye sarai, don a shekarun nan ba mai hawa hanyar Safana da duhu-duhu. Ƙauyen Babban Duhu muka nufa, ɗauko mahaifiyarmu. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata gani, ana ta fama da ita ta yarda a yi mata aiki tana ƙi. Da ƙyar ta amince, likita a Katsina ya ba mu safiyar washegari. Na san halin Inna: idan ranar ta wuce mu, cewa za ta yi Allah bai nufa ba, kuma an gama magana.

Kafin mu tashi na zaro gejin baƙin mai a ƙofar gida, na ga ya cika. Fetur kuwa, kuɗin da a da ke cika mini tanki yanzu ko rabi bai kai ba, na sha haka nan. Hanyar ta ci ruwa, ramuka sun ƙara baki. Gero ya yi kyau a gonakin bakin titi, na nesa da gari kuma ciyawa ce ta cinye su, masu su sun daina zuwa. Kowa ya san dalili, tsoron 'yan bindiga ne.

Motar tawa tsohuwa ce, kuma ta yi mako biyu tana wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. Maganin da na samo mata shi ne ƙara muryar rediyo. Tsoron bakin makanike nake yi, kada ya faɗi abin da albashin malamin makaranta ba zai ɗauka ba.

Mun iske Inna ta ɗaure kayanta tun jiya, har da ƙullin kuka da daddawa, kamar a Batsari ba a miya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Muna cikin dawowa, ba mu yi nisa ba ta ce, "Kai wannan, kashe akwatin nan. Mi ke kuka a gaban motar ga?"

Na ce, "Inna, haka take yi."

"Ba haka ta zo ba. Da kuka iso kukan bai kai wannan ba."

Gaskiyarta ce. Muna shiga Safana bayan azahar na tsaya garejin wani dattijo da ke ƙarƙashin bishiyar maina. Sai da ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi gida da damina da mutanen ƙauye, sannan ya buɗe gaban mota. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan inji, ya kara ƙotar a kunne, yana matsawa daga wuri zuwa wuri. Da ya zo saman injin ya tsaya. Ya sa na kashe motar, muka jira kaɗan, ya zaro geji ya goge ya mayar. Ɗan ɗigo ne kawai a bakinsa, baƙi ƙirin.

Na rantse masa cewa da safe a cike na gan shi.

"A ina ka duba, Malam?"

"A ƙofar gidana."

"Wurin a miƙe yake?"

Ƙanwata ta fashe da dariya. Ƙofar gidana gangare ce, mun cike ta da ƙasa saboda ruwan damina. Wata biyar ina duba mai a karkace, man ya taru gefe guda yana nuna mini cika, ni kuma ina murna ina ɗaga ranar juye. Dattijon ya ce tsohon inji yana shan mai, kuma man ya daina isa sama, shi ya sa ƙarfe ke bugun ƙarfe. Ya ce da mun ci gaba a haka, da wuya mu ga Batsari, a daji injin zai buga.

Ya aika aka kawo galan mai hatimi, ya hana ni sayen na awo duk da ya fi araha. Ya juye tsohon, ya sauya filta. Muna jira muka sha fura da nono mai sanyi, idona yana kan rana, don ba na son la'asar ta yi mana sakaliya a hanya. Da aka tada motar, ƙarar ta riƙa raguwa har na ce shi ke nan. Dattijon bai kula ni ba, ya juya ya ce, "Inna, ya kika ji?"

Ta ce, "Babban ya tafi. Akwai saura ɗan ƙarami."

Ya sake kara sukudireba, sai ga fulogi ɗaya ya kwance, iska na fita ta gefensa. Ya ɗaure shi, injin ya koma sumul. Ya ce da Inna za ta yarda, da ya ɗauke ta aiki. Kuɗin hannunsa ma sai da na matsa ya karɓa, ya ce mu dai yi sauri.

Mun shiga Batsari rana da sauranta, ina ta hamdala. Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da nake gudun ji ba ya tafiya don na toshe kunne, kuma rowar da na yi wa mota saura kaɗan ta ci idon mahaifiyata. Ina gode wa Allah, ina gode wa dattijon nan na Safana da ko sunansa ban tambaya ba.

Washegari aka yi aikin a Katsina. Da aka cire mata bandeji ina tsaye a gefen gado. Ta daɗe tana kallon fuskata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, sannan ta ce, "Kai wannan, ashe ka yi furfura."

Fita na yi waje, don kada ta ga hawayena da sabon idonta.