Takalmin da Muntari Ya Ajiye Sai Ranar Gudu

Wata rana da hantsi, wani matashi mai suna Muntari ya shiga layin 'yan takalma a kasuwar Funtuwa, yana tafe yana murmushi shi kaɗai.

Sunansa ne ya fito.

Wata hukumar masu kaki ce za ta ɗauki ma'aikata. Sau uku yana cike takarda, sau uku ko kiransa ba a yi ba. A wannan karon sai ga sunansa cikin waɗanda za su je tantancewa a babban birnin jiha.

Sai dai akwai sharaɗi biyu.

Na farko, wanda ya cika shekara talatin ba a ɗaukarsa. Muntari saura wata huɗu ya cika.

Na biyu kuma gudu. Kilomita goma. Mutum ɗari shida za a saka lokaci guda, ɗari da hamsin na farko su wuce gaba, sauran kowa ya kama hanyar garinsu.

Gudun bai dame shi ba ko kaɗan. Bulo yake bugawa tun da ya gama karatu ya rasa aiki, jikinsa a murɗe yake. Wata uku ke nan kullum bayan sallar asuba yana bin hanyar Zariya da gudu, ya je ya dawo kafin a buɗe wajen aiki. Cikin abokan gudunsa su takwas, babu mai ganin ƙeyarsa.

Da wani tsohon kambas yake yin wannan gudun, wanda ya sha ɗinki har mai gyaran ya fara yi masa tsiya.

Shi ya sa ya zo kasuwa. A ganinsa, ba ya yiwuwa ya tsaya gaban manyan jami'ai da wannan tsumman a ƙafa.

Ya tsaya a rumfar Malam Haladu, wani dattijo mai sayar da takalman gudu, sababbi da na gwanjo. A zamaninsa shi ma ya yi tsere har ya wakilci makarantarsu, ƙafafunsa duk kanta.

Muntari ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da ke tafe da shi.

Dattijon ya nuna masa benci ya zauna. Ya sa shi ya cire silifas, ya duba ƙafar da kyau. Ƙafa ce mai faɗi, yatsun a baje, irin ta wanda ya saba tsayuwa da ɗaukar nauyi.

Sai ya zaro wani takalmi ruwan toka daga ƙasan tebur. Na gwanjo ne, gabansa da faɗi, ba shi da wani ado.

Muntari ko kallonsa bai yi ba. Idonsa tuni ya maƙale a wani ja mai ratsin fari da ke rataye a sama, sabo fil, siriri, ba nauyi, sai sheƙi yake yi.

Ya ce a sauko masa da shi, lamba arba'in da biyu.

Ya saka. Babban yatsansa ya tokare da gaba. Gefen kuma ya ɗan matse shi.

Ya ji. Wallahi ya ji. Amma da ya sunkuya ya ga yadda takalmin ya zauna a ƙafarsa, sai zuciyarsa ta ce masa ai haka sabon takalmi yake, zai saki.

Malam Haladu ya danna gaban takalmin da yatsa, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan na zuwa ɗaurin aure ne a ƙafarka, ba na gudu ba. Ƙafa kumbura take yi in ta yi nisa. Ka bar mata wurin yatsa guda a gaba. In ma jan kake so, ka dawo da yamma da safar da za ka saka, mu gwada arba'in da uku. Kuma ka yi sati biyu kana gudu da shi kafin ranar."

Muntari ya yi dariya.

"Baba, arba'in da biyu nake sakawa tun ina sakandare. Kuma in yi sati biyu ina ɓata shi a hanya? Wa ya taɓa saka kayan Sallah tun azumi?"

Dattijon ya dube shi, ya ce, "Ƙafarka ce."

Ya saka masa a kwali ya miƙa masa.

Jama'a, kar ku yi saurin zagin Muntari. Haka aka rene mu duka. Sabon abu ajiye shi ake yi sai babbar rana. Sabuwar shadda tana ƙasan akwati, sabuwar hula tana cikin leda, sabon takalmi yana kwali, ba mai taɓa su sai safiyar Idi. Ka saka ka je masallaci, ya cije ka a dunduniya, ka daure, ka dawo gida ka cire. Ba wanda ya taɓa mutuwa.

To, amma zuwa Idi ba gudun kilomita goma ba ne.

Muntari ya kai kwalin gida ya tura ƙarƙashin gado. Sati uku yana nan. Duk bayan kwana biyu sai ya jawo shi, ya buɗe, ya goge ƙurar da babu, ya mayar.

Matarsa Lantana ta ce, "Baban Walida, ko sau ɗaya ba za ka fita da shi ba?"

Ya ce ta bari kawai, ranar za ta gani.

Ya ci gaba da gudunsa da tsohon kambas, kullum yana ƙara sauri.

Ranar ta zo.

An ce kowa ya hallara ƙarfe shida na safe. Muntari tun biyar da rabi yana bakin filin, ya ɗaure igiyar sabon takalminsa tamau, da sabuwar safa mai kauri wadda ita ma ranar ya fara sakawa.

Wasu samari a layi suka yaba takalmin. Ya ji daɗi har cikin ransa.

Sai aka shiga duba takardu. Mutum ɗari shida, ɗaya bayan ɗaya.

Bakwai ta yi. Takwas ta yi. Tara ta wuce. Suna tsaye a rana, babu wurin zama.

Kafin ƙarfe goma, Muntari ya fara jin takalmin ya ƙara ƙanƙanta. Ya sassauta igiya. Bai rage komai ba, don matsin a gaba yake.

Goma da rabi aka busa usur.

Kilomita biyun farko, Muntari yana cikin mutum ashirin na gaba. Numfashinsa lafiya lau, cinyoyinsa ko gezau. A ransa ya ce aikin nan ya zama nasa in Allah ya yarda.

A na uku ya fara jin zafi a dunduniya, kamar an ɗora masa garwashi ƙarami.

A na huɗu bororo ya tashi. Yana jin ruwan yana motsi a ƙarƙashin fata duk takun da ya yi.

A na biyar ya fashe.

Duk wanda ya taɓa yin bororo ya san abin da nake faɗi. Ɗanyen nama ne yake gogar takalmi, taku bayan taku, ga gumi yana shiga.

Yatsun kuma abin ya fi muni. Hanyar ta yi gangare, duk takun da ya yi sai manyan yatsunsa biyu su daki gaban takalmin. Tun yana jin zafi har ya koma jin wani irin bugu, kamar ana dukan farcen da guduma.

Ya fara taka gefen ƙafa don ya kare yatsun. Gudunsa ya karkace. Gwiwa ma ta ɗauki ciwo.

Mutane suka fara wuce shi.

Ɗaya. Biyar. Ashirin. Waɗanda ya bari a baya tun farko suna haki, yanzu su ne ke gifta shi ba tare da sun waiwayo ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne bai gaji ba. Ƙarfinsa na nan cif. Ƙirjinsa na cewa a tafi, ƙafa ta ce ba inda za ta.

Ya kalli ƙasa. Ratsin farin nan na gefen takalmin ya rine, ya zama ja kamar sauran.

A kilomita na bakwai ya tsaya a gefen titi. Ya kwance igiyar, ya fizge takalmin daga ƙafa, ya yar da shi a cikin kwata.

Ya ci gaba da safa kawai.

Kwalta ce, kuma rana ta kusa tsaka. Tafin ƙafarsa ya fara toyuwa. Tsakuwa na shiga ciwon. Amma yatsun sun samu sarari, sai gudun ya dawo.

Ya fara cim ma mutane. Yana gudu yana kiran sunan Allah a fili, hawaye da gumi sun haɗu a fuskarsa. Ya wuce goma, ya wuce ashirin, ya wuce talatin. Duk inda ya taka sai ya bar shaida a kan kwalta.

Ya hango ƙofar filin.

Wani jami'i na tsaye a bakin ƙofar da kati a hannu, duk wanda ya iso sai ya miƙa masa ɗaya. Katin ɗari da hamsin ne. Muntari yana ganin yadda suke raguwa a hannun mutumin.

Ya ƙara wuta da abin da ya rage masa.

Saura kamar taku ashirin, jami'in ya miƙa na ƙarshe ga wani dogon yaro, ya kaɗe hannuwansa. Wasu biyu suka ja igiya suka tare ƙofar.

Muntari ya iso ya kama igiyar da hannu biyu. Mutum huɗu ne kawai tsakaninsa da mai katin ƙarshe.

Ya ce, "Yallaɓai, don Allah. Shekarata ta ƙarshe ke nan."

Jami'in ya dubi fuskarsa, ya dubi ƙafafunsa, ya kawar da kai. Ba mugu ba ne, an ga abin ya taɓa shi. Amma kati ya ƙare.

Ya ce, "Je ka a wanke maka ƙafar nan."

Shi ke nan.

A mota aka dawo da shi Funtuwa, wani fasinja ya ba shi aron silifas ɗin da bai ma iya sakawa ba. Mai babur ya kai shi har ƙofar gida, ya riƙe shi ya shigar da shi.

Lantana tana tsakar gida, ta yi girki na musamman tun rana tana jira. Da ta ga fuskarsa, sai ta gane abin da ya faru.

Ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta kawo roba ta ajiye a gabansa.

Safar ta manne da nama. Sai da ta jiƙa ta, ta sa almakashi ta yanka ta kaɗan-kaɗan. Da ta zo kan babban yatsan dama, farcen ya biyo safar gaba ɗaya.

Muntari ya daure. Ya zuba wa bango ido.

Ita ce ta kasa daurewa. Tana wankewa tana kuka, ta ce, "Ka yi haƙuri, Baban Walida. Allah bai nufa ba."

Ya dubi ƙafarsa a cikin ruwan.

Can ya ce, "Lantana, Allah ya aiko wanda ya gaya mini. Har ke ma kin gaya mini. Ni ne ban ji ba."

A nan ne ya fashe da kuka, irin kukan babban mutum da ba ya fita da sauti sosai, sai kafaɗu ke girgiza.

Sati biyar ya yi bai taka ƙasa da kyau ba. Ranar da ya cika shekara talatin, yana wajen buga bulo, ƙafarsa ɗaure da tsumma.

Bara hukumar ta sake buɗe ɗaukar ma'aikata. Biyu daga cikin abokan gudunsa suka samu, waɗanda a da ko ƙurarsa ba sa sha. Shi ne ya raka su tasha, ya ɗaukar wa ɗaya jaka.

Farcen ya sake fitowa, baƙi kuma a karkace. Har yau Muntari bai ƙara yin gudu ba.

Darasi:

Takalmin gudu ba da ido ake zaɓensa ba, da ƙafa ake zaɓe. Ka gwada shi da yamma, da safar da za ka saka, ka bar wa yatsunka wuri. In ya matse ka a rumfa, a hanya sai ya fi haka.

Kuma abin da za ka dogara da shi a babbar rana, kar ranar ta zama farkon haɗuwarku. Ka saba da shi tun ba mai kallonka, ko da zai yi datti.

In wanda ya riga ka bin hanya ya ce maka wuri kaza akwai rami, ka tsaya ka ji, ko da maganar ba ta yi maka daɗi ba.

Kana da ƙane ko aboki da ke shirin zuwa tantancewa ko tsere? Tura masa wannan yau. Wataƙila nasa kwalin ma yana ƙarƙashin gado yanzu haka.