Mai Gyaran Sanyi a Dutsen Sauda

Duk unguwar Nuzla ta Jidda babu wanda bai san Abdulghaffar mai gyaran mukayyif ba, na'urar sanyaya ɗakin nan da Jidda ba ta zaunuwa sai da ita. A nan aka haife shi, a kan rufin gidaje gemunsa ya yi furfura. Idan ya gama gyara sai ya tara tafin hannu a bakin na'ura, ya lumshe ido, ya ce halas, wato an gama.

Rigimarsa ɗaya ce a duniya, 'yarsa Bayan. Yarinyar ta kamu da son hawan dutse, har aka yi mata tayin aikin ja-gorar masu yawo a Dutsen Sauda, can kusa da garin Abha, amma ta ce ba ta karɓa sai da yardarsa. Shi kuwa ya kafe. Kakansa da ƙafa ya zo daga Kano, in ji shi, tafiyar gidansu ta ƙare tun a nan. Da magiya ta yi yawa ya ce zai je ya gani, niyyarsa ya samo aibu.

Bayan ta miƙo masa rigar sanyi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi da sanyi ne sana'arsa? Haka ya bi ta zuwa dutsen da farar jallabiya da silifa, kai ka ce masallacin unguwa za shi.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Hanya ta ratsa itatuwan ar'ar, birai na leƙensu daga kan duwatsu, ga gangare ya zarce ƙasa har filin Tihama. Amma tudun ya kusa mita dubu uku, numfashi ya fara yi masa gardama. Sai hazo ya taso daga kwari ya rufe komai. Malam, haƙora suka hau kaɗawa, tsoro ya kama shi sosai, ko yatsun ƙafarsa ba ya gani.

Bayan ba ta yi masa dariya ba. Ta ciro rigar daga jakarta, ruwan hoda ce ma, ta saka masa, ta ɗora hannunsa a kafaɗarta.

"Baba, inda na taka nan za ka taka."

Haka ta bi tarin duwatsun da ake alamar hanya da su, tana faɗa masa inda santsi yake, har suka ɓulla ƙololuwa hazo na yayewa. Ya daɗe yana kallonta, daɗi da kunya duk sun cika shi. Can ya tara tafin hannu a iska, ya lumshe ido.

"Halas, 'yata. Karɓi aikinki. Amma duk ɗan Jiddan da ya ce miki ba ya jin sanyi, ƙarya yake."

Rigar dai bai mayar ba. Tana rataye a motar aikinsa, cikin zafin Jidda, kuma duk wanda ya kuskura ya tambaya sai ya sha labarin Bayan tun daga farko.